Gurbin 'Yar Fari

Ofishin da Ikilima take aiki ɗaki ne guda a bayan kasuwar Isa, da tebur biyu, da fankar da ba ta juyawa sai rana ta buɗe sosai a kan sola. Ƙaramar ƙungiya ce mai kula da yaran da tamowa ta kama a cikin iyalan da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Ikilima ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Aikinta a kwamfuta yake. Abokin aikinta, Malam Na'Allah, tsohon ma'aikacin lafiya ne, shi ne mai shiga gida gida da tef ɗin awo, ya naɗa shi a damtsen duk yaron da bai cika shekara biyar ba, ya shigar da lambar a waya. Ita kuma ta karɓi lambobin, ta fitar da gidajen da za a kai wa abincin tamowa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan mai zaƙi da ke zuwa a 'yan ledoji.

Tef ɗin launi uku gare shi. Yaron da damtsensa ya faɗa kore lafiyarsa lau. Wanda ya faɗa ja, a ranar ake kai shi asibiti. Wahalar tana wajen masu ruwan ɗorawa, waɗanda ke tsakiya, don suna da yawa, abincin kuma ba ya isarsu duka.

Ba a rubuta sunan yaro ko na iyayensa. Tun farko mutanen suka ƙi, don suna tsoron kada sunayensu su bi waya su faɗa hannun masu kai rahoto daji. Saboda haka aka ba kowane gida lamba. A jadawalin da ke kwamfutar, kowane gida yana da layinsa a kwance, kowane wata kuma yana da nasa shafin a tsaye. Inda layin gida ya haɗu da shafin wata akwai ɗan akwati, kuma a cikin akwatin ba lamba ɗaya ake sawa ba, jeri ne na awon duk yaran gidan. Gida mai yara uku, lambobi uku a jere. Idan Ikilima tana son ta san yadda yara suka kasance, sai ta umarci manhajar ta ɗebe jerin watan jiya daga jerin wannan wata. Manhajar takan ɗauki lamba ta farko ta ɗebe daga ta farko, ta biyu daga ta biyu, haka har ƙarshen jeri, ta yi wa gidaje ɗaruruwa kafin shayi ya huce. Yaron da aka ga damtsensa ya ragu sosai, shi ne mai gangarowa, shi ake tarewa tun bai kai ja ba.

Ikilima tana son wannan aiki saboda tsabtarsa. Amma ba ta cika ganin yaran ba, shi ya sa a farkon kaka, da aka buɗe sabon zagaye a Sabon Birni, ta roƙi Malam Na'Allah ya tafi da ita.

A wannan tafiyar ce ta san gidan Tasalla. Wani zaure ne da ɗaki ɗaya a bayan masu gyaran babur, wanda wani ɗan'uwa ya ba su aro. Sun taso ne daga wani ƙauye a bayan Tozai. Mijin Tasalla ya tsallaka Nijar neman aiki, ya bar ta da yara biyu da mahaifiyarsa, Inna Bilkisu. Tsohuwar ce ta tarbe su, doguwa mai yawan magana, da wata yarinya 'yar shekara huɗu maƙale da gefen zanenta.

"Ku hwara da ƙawata," in ji tsohuwar, tana turo yarinyar gaba. "Sadiƙa, miƙa hannu. Wagga ɓarauniya ta, duk tuwona ita ka cinye shi, ku auna ku gani in ƙarya nika yi."

Yarinyar ta ce ai Kaka ba ta da haƙoran cin tuwon ne, aka yi dariya. Malam Na'Allah ya naɗa tef, ya karanta ɗari da ashirin da huɗu, saura kaɗan ta shiga kore. Sannan Tasalla ta kwanto ƙanen yarinyar, Usmanu, daga baya. Shi ɗari da sha bakwai ya yi, can ƙasan ruwan ɗorawa, aka ba shi abincin wata guda. Malam ya ja kunnen uwar cewa na yaron ne shi kaɗai, kada a raba wa kowa. Ta ce to.

Ikilima ta lura duk zaman da suka yi Tasalla ba ta dubi Sadiƙa ba, ba ta kuma kira sunanta ba. Wannan bai ba ta mamaki ba. Ita ma 'yar fari ce, kuma har yau mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta nuna shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, kaka ce take ɗauke shi ya ci a kwanonta, ya kwana a tabarmarta. Ikilima ta fito daga zauren da jin daɗi, kamar wadda ta leƙa gidansu. Ta riƙe lambar gidan a ka.

Wata na biyu ya zo da labari marar daɗi. Kwalayen abincin da suka iso daga Sakkwato ba su kai rabin na baya ba. Aka aiko da umarni cewa a cikin masu ruwan ɗorawa, a ba waɗanda damtsensu ya ragu sosai kawai, waɗanda suka tsaya yadda suke su jira. Hanya ma ta ƙara lalacewa. Motar ƙungiya ba ta zuwa Sabon Birni sai ranar da 'yan kasuwa suka haɗu suka tafi a ayari, kuma ranar ta kama washegarin dawowar Malam Na'Allah daga awo. Dole Ikilima ta gama lissafi da safe kafin direba ya tashi.

Ta ba da umarnin ɗebewa. Manhajar ta soma, sai ta tsaya, ta fito da jan rubutu: tsawon jeri bai daidaita ba. A wani gida, watan jiya lambobi uku ne, wannan wata biyu. Manhajar ba ta iya ɗebe uku daga biyu a jere, don ba ta san wace lamba ce ta rasa abokiyarta ba, kuma ba ta yin ƙiyasi. Direba yana waje yana danna oda. Ikilima ta ware wannan layi gefe, ta sa gidan cikin waɗanda za a ba ko ta yaya, ta sake ba da umarni. Wannan karon komai ya tafi daidai.

Kafin ta buga takardar, ta gangara ta duba gidan Tasalla. Watan jiya ɗari da ashirin da huɗu, da ɗari da sha bakwai. Wannan wata ɗari da ashirin da uku, da ɗari da sha takwas. Sakamako: ta farko ta ragu da ɗaya, na biyu ya ƙaru da ɗaya. Yara biyu tsaye a inda suke. Ta ce alhamdulillahi, ta ji tausayin Usmanu da za a yanke wa abinci, amma doka ce, kuma akwai waɗanda suka fi shi gangarowa. Gidan bai shiga takarda ba. Mota ta tafi, ta raba, ta dawo.

Sai a mako na gaba ta samu sukunin komawa kan layin da ta ware. Malam Na'Allah yana teburinsa yana goge tef da auduga. Ta karanta masa lambar gidan, ta tambaye shi wane yaro ne babu a cikin ukun, don ta san gurbin da za ta bari. Ya ce na tsakiya ne, zazzaɓi ya ɗauke shi, Allah ya sa mai ceto ne. Ta ce amin. Ta koma jerin, ta buɗe gurbi a tsakanin lambobin biyu, ta bar shi babu komai. Ba ta sa sifili ba, don sifili lamba ce, manhajar za ta ɗauka yaron yana nan damtsensa ne ya ƙare, ta yi lissafi da shi. Gurbin da babu komai kuwa tsallake shi take yi, ta bar amsarsa a buɗe.

Ta tambaye shi ko a cikin biyun da suka rage babban ya fara aunawa. Ya yi dariya, ya kira ta Hajiyar kwamfuta, ya ce shi bai taɓa jera yara kamar 'yan fareti ba. Wanda aka miƙo masa, shi yake aunawa. Mafi yawan lokaci dai babba ne yake fara zuwa, don ƙanana suna tsoron tef. Ya ci gaba da goge tef ɗinsa, sai kuma ya ɗago kamar wanda ya tuna da wani abu.

"Kin tuna tsohuwar nan mai ban dariya, ta bayan masu gyaran babur? Ban ishe ta ba wanga karo. An ce ta koma ƙauye yankan gero, ita da wasu tsohhi, don kada shi lalace a gona. Har yau ba labari."

Ikilima ta yi salati a hankali. Ta tambaye shi wa ya fito da yaran. Ya ce uwar ce, ta kwanto na goye ta miƙo masa, yaron ma ya yi kumatu, abincin ya karɓe shi. Ita kuwa yarinyar tana can bayan ƙofa, uwar ba ta ce mata ta zo ba, sai wata maƙwabciya ce ta jawo ta bayan ya gama da ƙanen. Ya ce ya ga ta yi sanyi, amma tef bai nuna ja ba, kuma yara sun yi masa yawa a ranar.

Ikilima ta juya ga allon, ta nemo layin Tasalla, ta ɗauki jerin wannan wata ta juya shi, na ƙarshe ya dawo farko, ta sake ɗebewa. Amsar ta fito nan take. Usmanu ya ƙaru da shida. Sadiƙa ta ragu da shida.

Ta daɗe tana duban lambobin. Manhajar ba ta yi kuskure ba. An ba ta jeri biyu masu tsawo ɗaya, ta ɗebe na farko daga na farko kamar yadda aka umarce ta. Da yaro ya ɓace daga jeri, da ta tsaya ta yi jan rubutu. Amma yara biyu da suka sauya wuri, ba ta da hanyar da za ta gane. Ta ɗauki awon Usmanu na wannan wata ta ɗora a kan na Sadiƙa na baya, ta ɗauki na Sadiƙa ta ɗora a kan na Usmanu, hawan ɗaya ya rufe gangarowar ɗaya.

Ta kira Malam ya zo ya gani. Ya sa tabarau, ta bi da shi lamba lamba da yatsa, sau biyu. Da ya gane, ya zauna a bakin teburinta, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce yarinyar a kwanon kakarta take ci. In babu kakar, to a kwanon wa?

Suka gwada wayar ɗan'uwan da ya ba Tasalla ɗaki, ba ta shiga. Sabis ɗin wancan ɓangaren ya ɗauke tun kwanaki. Suka nemi direba, ya ce ko an ɗaure shi ba zai hau hanyar nan shi kaɗai ba, an tare mota jiya a wajen wata gada, sai ranar ayari. Masu babur ma da suka tambaya a tasha kowa ya girgiza kai. Malam ya ba wani mai kai albasa saƙon baki, amma mutumin bai tabbatar da ranar tafiyarsa ba.

Ikilima ta cika kwanakin jira da aiki. Ta bi duk gidajen da ke da yara fiye da ɗaya, ta juya jerinsu ta kowace fuska, ta ware waɗanda amsarsu take sauyawa sosai idan an juya. Ta samu wasu gidaje kaɗan, ta haɗa su a takarda ɗaya don a sake aunawa. Ta rubuta wa babban ofis tana roƙon a ba kowane yaro tasa lambar da nasa layin. Amsa ta zo da ladabi cewa shawara ce mai kyau, amma tsarin wayoyin ba zai sauyu ba sai an shiga sabuwar shekara. Abin da ya rage a hannunsu shi ne su yi wa kansu doka, ita da Malam: a kowane gida a fara da babba, a bi har ƙarami, ko wa aka fara miƙowa, kuma wanda ba ya nan a bar masa gurbinsa.

Wata yamma da ta koma gida, mahaifiyarta ta ajiye mata tuwo a gefen tabarma ba tare da ta dube ta ba, kamar kullum. Ikilima ta buɗe kwanon ta rufe. Ta tambaye ta, da a ce tata kakar ba ta raye lokacin da take ƙarama, kuma ta yi ciwo, yaya za a yi? Uwar ta ci gaba da tsince wake, ta ce wace irin tambaya ce wannan. Can, da ta ga 'yar ba ta taɓa abincin ba, ta ce ba wai ba a gani ba ne. Ana gani sarai. Faɗi a gaban mutane ne yake da nauyi. Ta tura mata kwanon da bayan hannu, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar ayari suka bi bayan motocin 'yan kasuwa, da kwalin abinci guda a ƙarƙashin kujera. Gonaki a gefen hanya sun nuna, wasu an yanke, wasu geron ya sunkuya yana jiran masu shi. Da suka shiga Sabon Birni, Ikilima ba ta jira an sauke kaya ba, ta wuce bayan masu gyaran babur, Malam yana biye da ita.

Zauren shiru. Usmanu yana wasa da murfin kwano a bakin ƙofa. Sadiƙa tana kwance a tsohuwar tabarmar kakarta, an lulluɓe ta da zanen tsohuwar. Gashinta ya yi ja ya kwanta, ƙafafunta sun kumbura suna sheƙi. Malam ya durƙusa ya danna babban yatsansa a bayan ƙafar, ya ɗaga, ramin ya zauna bai koma ba. Ya naɗa tef don cika aiki kawai. Ja ne.

Tasalla tana tsaye jikin bango, fuskarta a wajen ƙofa. Malam ya tambaye ta a hankali tun yaushe, ta ce tun bayan tafiyar Inna yarinyar ta rage ci. Tana zuba mata, sai ta ce za ta jira Kaka. Daga baya gudawa ta shigo. Ledojin da aka ba Usmanu kuwa an ce nasa ne shi kaɗai, ta kuma bi abin da aka ce. Ikilima ta tambaye ta ko ta zo wajen rabo ranar da mota ta zo. Ta ce ta zo, ta tsaya tare da mata har aka gama kiran lambobi, ba a kira tasu ba.

"Na tambayi mai rabo, yac ce na'ura ta duba, ɗiyan gidanmu lahiya lau suke. Mata cike da wuri. Da Inna na nan, da ta yi magana. Ni mi za ni cewa? In tsaya gaban jama'a in ce a duba min ita?"

Ko a nan ba ta faɗi sunan ba. Ikilima ta so ta yi mata bayanin jeri da gurbi da yadda lambobi suka sauya wuri, sai ta ga babu amfanin da zai yi wa kowa a ɗakin. Ta ce mata kawai ba lafiya lau suke ba, lissafin ne ya karkace a hannunsu, kuma yanzu asibiti za a tafi. Tasalla ta ɗauki Usmanu ta goya, ta ɗaura ɗan ƙullin kaya. Ta tsaya a kan tabarmar tana duban ƙasa, maƙwabta sun taru a ƙofa. Ikilima ta gane, ta sunkuya ta ɗauki yarinyar da kanta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Malam ya zauna a Sabon Birni don ya sake auna sauran gidajen da ke takarda. Su kuwa suka juyo da ayarin la'asar zuwa asibitin Isa, inda ake kwantar da masu irin wannan ciwo. Ikilima tana kujerar baya da Sadiƙa a cinyarta, Tasalla a gefenta ta juya fuska wajen taga. Yarinyar ta buɗe ido sau ɗaya ta tambaya ko wajen Kaka za a je. Ikilima ta ce wajen likita za a fara zuwa. Da motar ta faɗa wani rami, Ikilima ta kai hannu ta gyara zanen da ya zame, sai ta ji hannun Tasalla a ƙarƙashinsa, riƙe da ƙafar yarinyar. Ba ta san tun yaushe yake nan ba. Ta mayar da zanen yadda yake, ta rufe hannun, ba wadda ta dubi wata har suka shiga gari.

Ma'aikatan asibitin sun yi iya ƙoƙarinsu. Suka sa mata madara ta 'yar roba a hanci, kaɗan kaɗan, suka rufe ta da bargo. Ikilima tana zuwa kowace safiya kafin ofis, da kunu a kwano don Tasalla da Usmanu. A kwana na farko kumburin ya ɗan sauka, har yarinyar ta ce madarar ba ta kai furar Kaka daɗi ba. Daga nan numfashinta ya soma sauri. Likita ya ce ƙirjin ne ya kamu, jikin kuma ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Ya ce da an zo da ita tun kafin kumburi, da magana ta fi sauƙi. Bai faɗa don ya zargi kowa ba, tambayarsa aka yi ya amsa.

Wata safiya Ikilima ta iso ta tarar an naɗe katifar gadon. Tasalla tana zaune a barandar da Usmanu a cinya, idonta a bushe, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ikilima ta ajiye kunun, ta zauna kusa da ita, ta yi mata gaisuwa. Tasalla ta amsa da cewa Mai ita ya karɓi abarsa. Bayan wani lokaci ta ce abin da yake damunta shi ne in Inna ta dawo, ba ta san yadda za ta gaya mata ba. Suka zauna har kunun ya huce.

A cikin gidajen da Malam ya sake aunawa, an sami yara biyu da suka sauya wuri kamar haka, aka tare su da abinci tun suna ruwan ɗorawa. Ya faɗa wa Ikilima don ya sanyaya mata zuciya, ta gode masa. Inna Bilkisu dai shiru. Wasu suka ce an gan ta a wani ƙauye can gaba, wasu suka ce ba ita ba ce. Tasalla ta koma zauren bayan masu gyaran babur, don in tsohuwar ta dawo nan za ta fara nema.

Da wata na uku ya kama, Malam ya dawo daga awo ya ajiye wayar a teburin Ikilima. Ya ce ya bi doka, babba kafin ƙarami a ko'ina, har ana yi masa tsiya wai ya zama malamin firamare. Sai dai a gida ɗaya, ya ce, hannunsa ya ƙi. Ya auna yaron ya shigar, ya rasa yadda zai yi da sauran, ya fito.

Ta sauke lambobin, ta ba da umarnin ɗebewa. Manhajar ta soma, ta tsaya, jan rubutu ya fito: tsawon jeri bai daidaita ba. Ba sai ta duba lambar gidan ba. Watan jiya lambobi biyu, waɗanda ta riga ta mayar da su wurarensu, ɗari da sha takwas a gaba, ɗari da ashirin da uku a baya. Wannan wata lamba ɗaya tak, ɗari da ashirin da biyar, Usmanu ya taka kore.

Malam ya tashi ya ce za shi alwala, ya fita ya jawo ƙofa. Ikilima ta matsar da lambar Usmanu zuwa wuri na biyu, inda take tun ranar da kakarsa ta ce a fara da ƙawarta. Ta buɗe gurbi na farko, ta bar shi babu komai. Ta sake ba da umarni. Manhajar ta wuce ba tare da ta tsaya ba, ta gangara ta gama sauran gidajen. A layin Tasalla amsa ta fito: na biyu ya ƙaru da biyu, na farko kuma a buɗe.

Direba ya leƙo ta taga ya tambaya ko takarda ta fito, ayari ya kusa tashi. Ta ce ya ba ta ɗan lokaci. Ta koma saman jadawalin, ta soma bin layukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana duba kowane jeri kafin ta buga.